Kwana Goma Sha Ɗaya Gaban Baƙin Allo

Tawa, 14 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayana Abdurazak,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah shi sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, kai da Anti Rakia da yara. Yaya kasuwa, yaya zaman Abijan da ruwan samanta da ba ya gajiya? Allah shi buɗa maka ƙofofin arziki na halal, shi tsare ka daga sharrin hanya da na mutum, shi raya mana Ahmed da Hasan bisa tafarkin addini. Mu nan gida lafiya lau muke, sai godiyar Allah da kewarku.

Inna ta samu sauƙin gwiwar nan, har tana zuwa kasuwa da ƙafarta, ko da yake in ta dawo sai ta yi ta mita wai an ƙara wa hanyar tsawo. An gama girbi a gonar Bambeye. Hatsi ya yi kyau a wajen tudu, gefen fadama kuwa tsuntsaye sun riga mu. Gwaggo Azumi ta zo daga Kalfu tun farkon watan jiya don ganin likitan haƙori. An cire haƙorin tuni, amma har yau ba ta yi zancen komawa ba, mu ma ba mu tuna mata ba, don gidan ya fi daɗi da ita.

Yaya, kafin komai ina neman gafararka. Kwanakin baya ka yi ta kirana, ina ganin sunanka a salula ina barin ta har ta yi shiru, in kuma na ɗauka sai in ce rezo, wato layin waya, ba kyau. Rezo lafiyarsa lau. Kunya ce ta hana ni magana, don na san abin da za ka tambaya, ni kuwa ba ni da amsa. Yanzu da nake da ita, na ga ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta, tunda direban da ya kawo kayan zai koma jibi.

Ka san dalilin da ya sa na roƙe ka kayan kwamfutar nan, amma ban faɗa maka duka ba. Da muka koma wurin likitan ido bayan Sallar layya, ya ce ciwon Baba ba yana ba ce da ake cirewa mutum ya warke. Ruwan cikin ido ne ya yi yawa yana danne jijiya, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa, maganin ɗigawa gudunsa kawai yake ragewa. Baba da kansa ya ce yanzu yana ganin duniya kamar mai leƙe ta hujin ƙofa: tsakiya na nan, gefe duk ya tafi. Ga kuma gwangwanayen biskit goma sha ɗaya cike da nagatif ɗin hotunan da ya ɗauka tun ranar da ya buɗe shagon hotonsa, Foto Attaher, har ranar da ya rufe, shekara talatin da uku: na aure, na suna, na ƴan makaranta, na mahajjata, na masu tafiya ci-rani. Babu suna a jikin ko ɗaya. Sunayen suna cikin kan Baba, kuma sai ya ga fuska suke fitowa. Da can yakan ɗaga nagatif ga hasken taga ya ce wane ne ɗan wane, yanzu ba ya iyawa. Ƙaramar kwamfutata ta makaranta kuwa, da zarar na haɗa ta da skana, na'urar da ke kwafe hoton, ba ta minti goma sai ta yi zafi ta mutu. Shi ya sa na ce a haɗa babba mai ƙarfi, da allo mai faɗi da haske, tun Baba yana iya gani.

Kayan sun iso wata ranar Litinin, ko kwali ɗaya bai lotse ba. Allah shi saka maka, ka naɗe su kamar ƙwai. Na share tsohon ɗakin hoto, na shimfiɗa farin zane a kan teburin Baba, na wanke hannu, na yi bisimilla. A makaranta mun sha kwance tsofaffin kwamfutoci mu mayar, amma ban taɓa sa hannu a sabuwa dal ba. Na ɗora ƙwaƙwalwar, wato prosesar, a gurbinta a kan babban faifan da komai ke hawa kansa. Na shafa mata man sanyaya na ɗaura fanka, na soka sandunan RAM guda biyu, na sa katin hoto, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ina duba littafin da ya zo cikin kwali. Tun hantsi nake abu ɗaya, salla kawai ke tayar da ni, sai bayan la'asar na ɗaure ƙusa ta ƙarshe.

Kuskurena na farko shi ne da na kira mutane. Inna ta zo da kujerarta, Gwaggo Azumi ta zo tana goge hannu da zane, aka kamo hannun Baba aka zaunar da shi gaban allo. Na danna. Fankoki suka tashi suna juyi, ƴan fitilu suka kama, har Gwaggo ta yi guɗa. Allo kuwa baƙi ƙirin. Can sai wani ɗan rubutu ya fito a tsakiya yana cewa babu sigina, ya ɓace. Muka jira minti ɗaya, biyu, biyar. Sai Baba ya tambaya ko hoton ya fito ne shi bai gani ba. Yaya, wannan tambaya ta fi komai yi mini ciwo, don da gaske yake yi, ya zaci idonsa ne ya kasa. Na ce masa a'a, mu ma ba mu ga komai ba. Ya yi ajiyar zuciya ya ce to alhamdulillahi, ashe yau ciwon na kowa ne. Aka yi dariya, ni dai ban iya ba.

Kwana biyun da suka biyo aikin ruɗewa na yi. Na fara gano wautata: na soka wayar allo a ramin babban faifan, alhali irin ƙwaƙwalwar da muka saya ba ta fitar da hoto da kanta, dole wayar ta shiga katin hoto da ke ƙasa. Na yi murna na ce shi ke nan, na mayar, na danna. Baƙi. Daga nan na rikice. In canja waya, in juya sandunan RAM, in matse fanka, duk a lokaci guda, in danna in ga baƙi, in sake, har na kai ban san me na gwada me ban gwada ba. Gwaggo Azumi ta ce baki ne, tunda duk unguwa ta ga ana sauke kwalaye, ta kawo kasko da garwashi za ta yi wa na'urar hayaƙi. Da ƙyar na lallashe ta, na ce ta tofa addu'a daga nesa, ta fi hayaƙi shiga. Ta tofa, na kuwa ce amin da zuciya ɗaya.

Baba kullum in ya karya kumallo sai ya lallaɓo ya zauna a kusurwa da carbinsa. A rana ta huɗu, da ya ji na jefar da abin kwance ƙusa a kan tebur, ya ce in zo in zauna. Ya ba ni labarin shekarar da ya fara wankin hoto, lokacin da takarda ta yi ta fito masa fari fat har kwana shida. Ya ce rana ɗaya ya canja ruwan magani, ya canja fitila, ya canja takarda, hoto ya fito, amma bai san wanne ne ya gyara ba, don haka da abin ya dawo bayan wata biyu ya sake zama jahili kamar farko. Tun daga nan, in ji shi, bai ƙara taɓa abu biyu a lokaci guda ba. Ya ce in samo littafin rubutu, in canja abu ɗaya, in gwada, in rubuta, sannan in wuce gaba, sannu ba ta hana zuwa. Na ce masa lokaci ne ba mu da shi. Ya ce ya fi ni sanin haka, shi ya sa ma bai kamata in ɓata shi ina zagaye wuri ɗaya kamar akuya a turke ba.

Na bi maganarsa, na fara daga waje. Na haɗa allon da ƙaramar kwamfutata, ya kawo hoto tsaf, ke nan allo da wayarsa ba su da laifi. Na rubuta. Na cire sandar RAM ɗaya na bar ɗaya, na gwada ta a ramuka huɗu bi da bi, ina danna ta har sai na ji ƙas, na sake da ɗayar. Na rubuta. Na duba wayoyin wuta, babbar da ta ƙwaƙwalwa da ta katin hoto, duk sun zauna daram. Na cire ɗan batirin nan mai kama da maɓallin riga na jira minti goma na mayar, don faifan ya manta duk abin da ya riƙe. Na fitar da komai daga akwatin ƙarfen na shimfiɗa a kan kwali, ko wata ƙusa ce ke taɓa bayan faifan. Na ɗaga ƙwaƙwalwar na duba ƴan ƙafafunta da gilashin ƙara girma na Baba, ko ɗaya ta lanƙwashe, duk suna tsaye ƙyam. Shafi uku na cika, allo bai ce uffan ba. Abin mamaki kuwa, hankalina ya fi kwanciya, don yanzu na san wuraren da ciwon ba ya nan.

Ranar Lahadi na ɗauki faifan da katin hoto na kai wa Ɗanladi, mai gyaran salula da kwamfuta a bakin babbar kasuwa. Mutumin kirki ne, duk da cinkoson ranar kasuwa ya bar abin da yake yi ya saurare ni. Ya sa katin hoton a tasa kwamfutar, ya yi aiki lafiya. Faifan kuwa ya juya shi, ya shinshina, ya ce a ganinsa girgizar mota ce ta saki wata dalma a ciki, in bari ya bi shi da iska mai zafi, ya sha tayar da matattu da haka. Har ya kunna na'urarsa. Ban san inda na samu ƙarfin hali ba, Yaya, na ɗora hannuna a kan faifan na ce ya dakata. Na tambaye shi ko ya tabbata nan ne ciwon, ya ce tabbas sai Allah. Na ce to ai ba a sa wa mutum askar wanzami ba a san inda ke masa ciwo ba. Ransa ya ɗan sosu, ya ce mu ƴan makaranta mun fi yarda da takarda bisa ga hannun da ya daɗe yana aiki. Na ba shi haƙuri, na naɗe kayana na dawo, ina tafe ina tambayar kaina, in ni ce na yi kuskure fa?

Ashe amsar tana gabana tun ranar farko. A gefen faifan akwai ƴan fitilu huɗu ƙanana kamar ƙwayar hatsi, na ɗauka ado ne. Da na dawo na sake shimfiɗa kayan, na rufe taga saboda rana, sai na lura ɗaya ce kawai ke kamawa, ja, kuma ba ta mutuwa. Da gilashin Baba na karanta rubutun da ke gefenta: sunan ƙwaƙwalwa ne. Littafin ya ce in wannan fitila ta tsaya, faifan bai gane ƙwaƙwalwar da aka ɗora masa ba. Na shiga shafin kamfanin ta salula, na gwada lambar da ke jikin kwalinmu da jerin da suka wallafa. Faifan ne ya girmi ƙwaƙwalwar. An ƙera shi ya zauna a shago tun kafin a fito da irinta, don haka ɗan shirin da ke cikinsa, wanda ke tayar da komai in an kunna, da ake kira BIOS, bai san da zamanta a duniya ba. Kamar baƙon da ya sauka gidan da ba a ba su labarinsa ba: ba ƙiyayya ba ce, ba a dai san shi ba, sai a bar shi a zaure. Ina so ka ji wannan da kyau, Yaya. Ba ka sayi mugun kaya ba, abin da na rubuta maka shi ka sayo, kuma babu abin da ya ƙone. Ni ce ya kamata in ce ka tambayi mai shago ko an sabunta shi.

Maganin yana da sauƙi a baki. A sauko da sabon shirin, a zuba shi a kile, ɗan abin nan da ake ɗaukar takardun kwamfuta a ciki, a soka a wani rami na musamman a bayan faifan, a danna wani ɗan maɓalli, a jira kamar minti shida. Amma littafin ya yi gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa in wuta ta yanke a tsakiyar aikin, faifan na iya mutuwa gaba ɗaya. Ka kuwa san halin kuran, wutar lantarkin nan, a unguwarmu, ba ya sallama in zai tafi. Kwana biyu ina riƙe da kile na kasa dannawa. Ana haka ranar Talata sai ga Baba Rissa, abokin Baba na Takanamat, ya shigo gari sayen maganin dabbobi ya biyo gaisuwa kamar yadda ya saba. Suna shan shayi Baba ya ba shi labari. Bai fahimci zancen faifai da ƙwaƙwalwa ba, bai kuma yi kamar ya fahimta ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, wai wutar da ba ta yankewa nake nema? Na ce e. Ya ce yana da babban batir na sola da na'urar da ke juya wutarsa ta koma irin ta gari, in ba shi zuwa jibi. Baba ya ce hanya da nisa, ga nauyi. Baba Rissa ya amsa cewa shekara arba'in yana shan shayin gidan nan bai taɓa kawo ko sukari ba, a bar shi yau ya kawo wani abu.

Ranar Alhamis da hantsi ya iso a bayan motar kaya, da batirin naɗe cikin bargo a tsakanin ƙafafunsa tun daga Takanamat. Muka haɗa kwamfutar da batirin. Wannan karon ban kira kowa ba, daga ni sai tsofaffin biyu. Na soka kile, na yi bisimilla, na danna. Wata ƴar fitila da ke gefen maɓallin ta ƙifta sau uku ta tsaya cak. Na ce shi ke nan na kashe faifan. Na koma littafin na yi ta karatu, sai na ga an ce in ta yi haka aikin bai ma fara ba, kilen ne faifan bai karɓa ba, ya fi son ƙarami irin na da. Na zazzage jakar makarantata na samo wani tsoho da murfinsa ya ɓace tun ina shekarar farko a jami'a. Na share shi, na zuba shirin, na sake wa shirin suna kamar yadda aka ce, harafi da harafi. Na danna. Fitilar ta fara ƙiftawa a hankali, sannan da sauri. Ana cikin minti na uku sai fankar rufin ɗakin ta rage gudu ta tsaya, an ɗauke kuran. Baba Rissa ya kalli sama, ya kalle ni, ya ci gaba da zuba shayinsa. Ƴar fitilar kuwa tana ta ƙiftawa abinta.

Da ta mutu don kanta, na mayar da komai gurbinsa, na haɗa allon shi ma da batirin, na danna babban maɓalli. Fankoki suka tashi, suka tsaya, suka sake tashi. Jar fitilar ta kama ta mutu, ta biyu ta kama ta mutu, ta uku, ta huɗu. Sai allon ya haskaka, rubutu ya cika shi. Ban yi ihu ba, sai na zauna a ƙasa. Baba ne ya fara magana, ya ce ya ga haske a gabansa, ko an buɗe taga ne? Na ce ba taga ba ce. Kwana goma sha ɗaya ke nan daga ranar da na fara dannawa. Ɗanladi da ya ji labari da ƙafarsa ya zo ya gani, ya sa na nuna masa matakan ya kwafe a takarda, ya ce akwai faifai biyu a shagonsa da ya yanke musu hukuncin mutuwa, zai koma ya sake musu shari'a.

Sai washegari na gama zuba sauran shirye-shirye na haɗa skana. Baba Rissa ya ƙi tafiya, wai batirinsa yake gadi. Da Baba ya ce in fara da gwangwani mai zanen jirgin ruwa, na shekarar tamanin da uku, sannan na gane abin da ya zaunar da shi. Mun wuce hotuna kusan sittin, Baba ya matso da fuska dab da allo yana kiran sunaye ina rubutawa, sai ga wata matashiya da baƙin mayafi da manyan ƴan kunne na azurfa, tana dariya ta ɗan kauce wa kyamara. Baba bai kira suna ba, ya juya wajen abokinsa. Lalla ce, matar Baba Rissa ta fari, wadda ta rasu a shekarar farin nan ta tamanin da huɗu, suna kan hanyar kudu da ragowar dabbobinsu. Hoton da ya karɓa a lokacin ya ɓace cikin wannan ƙaura. Baba Rissa ya ja rawaninsa har ƙasan ido, ya daɗe yana kallo. Daga baya ya ce shekara da shekaru yana ƙoƙarin tuna wane kumatu ne ke lotsawa in ta yi dariya, ashe na hagu ne. Ɗiyarsu, da aka bari tana goye, ba ta taɓa sanin fuskar uwarta ba. Na sa masa hoton a salularsa, ya tafi da shi a aljihun ƙirji.

Yanzu kullum daga karin kumallo zuwa azahar muke aiki, don da safe idon Baba ya fi ƙarfi. Mun kusa gama gwangwani na biyu, mutum ɗari huɗu da wani abu sun samu sunayensu, har an fara sallama a ƙofa ana tambayar na iyaye da kakanni. Amma ba zan ɓoye maka ba, idon yana gudu fiye da yadda na zata. Akwai ranakun da ko na ƙara girman fuska ta cika allo sai ya ce hayaƙi kawai yake gani. Ran da haka ta fara faruwa na fita bayan ɗaki na yi kukana. Da na dawo ya ce in share hawaye in zama idonsa, in faɗa masa abin da ke cikin hoton: irin labulen da ke baya, irin hula, tsagen fuska, wa ke tsaye wa ke zaune. Wallahi, Yaya, cikin goma yana kamo bakwai, labulen kaɗai yana gaya masa shekara. An kira ni horon aiki a Yamai farkon wata mai zuwa, na rubuta musu na nemi a ɗaga mini zuwa bayan azumi. In sun yarda, to. In ba su yarda ba, Allah shi kawo wani. Na ƙudura ba zan ɗaga daga teburin nan ba sai gwangwani na goma sha ɗaya ya zama fanko.

Shekaranjiya, a ƙasan gwangwani na biyu, na tarar da wani ƙunshi daban, an naɗe shi da takardar siminti an ɗaure da zare. Ranar idon ba kyau, don haka ni ke bayani. Na ce yaro ne ɗan shekara uku ko huɗu, ba a ɗakin hoto ba, a tsakar gidanmu, yana jan tunkiya da igiya, tunkiyar ta fi shi ƙarfi. Baba ya ce in wuce. Na gaba yaron ne dai, yana barci a kan buhun hatsi. Na gaba yana kuka an yi masa aski. Na gaba ya zura ƙafafu cikin takalman Baba. Da na ƙara girman fuskar sai na ga tabon nan a girar hagu, wanda Inna ta ce bakin turmi ne ya yi maka. Talatin da shida ne, Yaya, fim guda cur, duk kai ne. Ka san Baba da kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunanka ba, bai taɓa ɗaukarka a gaban mutane ba, kai da kanka ka sha cewa duk Tawa ya ɗauka hoto ban da kai. Na tambaye shi. Ya ce sabon fim ne aka kawo masa a lokacin yana gwadawa, yaron ne kawai ke kusa. Inna tana bakin ƙofa tana tsince wake, ta ce ita dai ba ta taɓa jin an ɗaure fim ɗin gwaji da zare an ɓoye shekara talatin da biyar ba. Baba ya yi kamar bai ji ba.

Da muka tashi, ina kashe na'ura, ya tsaya a bakin ƙofa ya ba ni baya, ya ce in ina rubuta wa mutumin Abijan takarda in gaya masa kayan sun yi, an gode. Na zaci ya gama. Sai ya ƙara da cewa in gaya masa kuma, in yana da niyyar zuwa gida kada ya jira Salla, kuma ya shigo da safe, lokacin da ido ke da ƙarfi. Na isar da saƙo yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Na san kasuwa ba ta sakin mutum, na san hanya da tsawo da wahala. Amma ni da nake zaune kusa da shi kullum, ina ganin yadda abin ke raguwa mako zuwa mako, ina ce maka ka taho. Ka bar wa Anti Rakia shago, ka taho ko na kwana goma ne.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage zama cikin rana. Gwaggo Azumi tana gaisuwa, ta ce in za ka zo ka taho mata da man zafi irin na wancan karon. Ka gaishe mini da Anti Rakia da kyau da kyau, ka shafa mini kan Ahmed da Hasan ka ce su dage da karatu. Ka isar da gaisuwarmu ga Kawu Issouf da iyalinsa, da duk mutanen ƙasarmu ta Adar da kuke zaune tare. Na ba direban cuku da kilishi cikin ƙaramin kwali, ka raba yadda ka ga ya dace. Hotunanka kuwa ban sa ko ɗaya cikin ambulan ba, kuma kada ka roƙe ni in turo ta salula, ba zan turo ba. Suna nan gida.

Allah shi haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa,
Nasiratu